Fankar silin ta ɗakin yara: ƙarfe, roba ko katako?

Uwar Biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sani kan fankar silin da za a rataya a ɗakin kwanan yara biyu, ɗayansu yana fama da asma. Ɗakin mita 4 ne a mita 4, tsayin silin kuma mita 3. Fankokin da nake gani kashi uku ne: masu fukafukan ƙarfe, masu na roba, da masu na katako, ko dai abin da ya yi kama da katako. An ce na katakon da gam ake haɗa su, gam ɗin kuma yana fitar da sinadari mai cutarwa. An ce robar idan ta ɗau zafi tana wari, an kuma ce wani fentin ƙarfen akwai dalma a ciki. To idan kowanne da nasa aibin, wanne mutum zai ɗauka? Kuma me zan duba a jikin kwali da zai nuna min gaskiyar abin da ke ciki?

Malamar Kimiyya

Wa alaikumus salam Maman yara. Bari in fara da maganar gam, don ita ce aka fi tsorata mutane da ita.

Yawancin fukafukan da ake kira na katako ba daga itace aka yanko su ba. MDF ne ko filawud. MDF garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka matse da zafi ya zama allo, sai a manna masa leda ko takarda mai zanen itace. Gam ɗin da aka fi amfani da shi, saboda arha, haɗin yuriya ne da fomaldehaid, kuma yana ci gaba da sakin fomaldehaid a hankali bayan an gama ƙera allon. Zafi da danshi suna ƙara masa saurin fita. Wannan sinadarin yana sa yajin ido, ƙaiƙayin maƙogwaro da tari, idan ya yi yawa kuma yana iya tayar wa mai asma ciwonsa. Hukumar binciken cutar daji ta IARC ta sanya shi cikin rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam, tun 2004. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a ƙa'idojinta na 2010 ta ce kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki.

Amma fa a yi lissafi kafin a firgita. Fiffike ɗaya tsawonsa wajen santimita 55 ne, faɗinsa 14. Fanka mai fukafukai biyar, idan aka ƙirga sama da ƙasa, ba ta kai murabba'in mita ɗaya na allo ba, kusan 0.8 ce. Ɗakinki yana ɗauke da iska mita kubik 48. Gwajin da Turai ke yi wa allo kafin a ba shi matakin E1, ana saka murabba'in mita ɗaya ne na allo a kowace mita kubik ɗaya ta iska, a ce kada abin da ya fita ya wuce miligiram 0.124. Ke kuwa allon fankarki bai kai kashi biyu cikin ɗari na wannan cunkoson ba. Wadirob ɗaya na MDF ya ninka fukafukan fanka fiye da sau goma wajen faɗin allo. Idan akwai irinsa a ɗakin, shi ne abin bincike kafin fanka.

Duk da haka ban ce a ɗauki kowane allo ba. Idan za ki sayi mai MDF ko filawud, nemi ɗaya daga cikin waɗannan a takardar kayan: E1 ko E0, CARB Phase 2, ko TSCA Title VI. Biyun ƙarshe dokokin Amurka ne, sun ƙayyade 0.11 ppm (wato kashi cikin miliyan) ga MDF da 0.05 ppm ga filawud na itace mai ƙarfi. Idan kin ga NAF, ma'anarsa ba a zuba fomaldehaid a gam ɗin ba kwata-kwata. Tambarin FSC kuwa maganar yadda aka sare dajin yake yi, bai ce komai kan gam ba.

Mai Naɗin Koyil

Malama ta yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni abin da zan ƙara, Hajiya, shi ne ido ya koma kan tukunyar da ke tsakiya. Fiffike sanyi ƙalau yake juyawa, babu abin da ke dafa shi. Wurin da ake samun zafi, da wari, da hayaƙi, har da gobara, cikin motar ne. Hayaƙin koyil da ya ƙone a ɗaki rufe cikin dare ya fi duk abin da fiffike zai fitar a shekara goma illa ga ƙirjin yaro.

Wayar koyil an lulluɓe ta da wani siririn banish, shi ke hana zagaye ɗaya taɓa ɗan'uwansa. Kowane banish da iyakar zafin da yake ɗauka, kuma ana rubuta shi a jikin motar ko a takarda: aji E digiri 120, aji B digiri 130, aji F digiri 155. A ƙa'idar da masu motoci ke bi, duk ƙarin digiri 10 a kan iyakar nan yana raba rayuwar banish biyu. Idan ya fara gasuwa sai ki ji wani ƙauri mai ɗaci kamar ana ƙona leda, daga nan sai waya ta haɗu da waya. Saboda haka ki nemi aji B ko F, kuma ki tabbatar an rubuta cewa akwai fis ɗin zafi a cikin koyil. Ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa tsakanin wayoyin, da zarar zafi ya wuce ƙima sai ya yanke wuta. Fankokin da aka yi don a rage kuɗi shi ake fara cirewa, tunda mai saye ba ya ganin sa.

Sai irin wayar. Kofa, wato jan ƙarfe, ake so zalla. Alminiyom ba guba ba ne, matsalarsa yana ɗaukar wuta kashi 61 ne cikin ɗari na abin da kofa mai kauri ɗaya ke ɗauka, don haka idan ba a ƙara masa kauri ba sai ya riƙa zafi. Kuma wurin da aka haɗa shi da wayar kofa yana yin farin tsatsa, haɗin ya saki, ya fara tartsatsi. Akwai kuma na yaudara, alminiyom ne da aka yi wa wankan kofa a waje. Idan aka kankare bakin wayar da reza aka ga fari a ciki, to shi ne. A shago ba za a bari ki buɗe ba, amma ki ɗaga motoci biyu masu girma ɗaya ki ji. Kofa ta ninka alminiyom nauyi fiye da sau uku, mai sauƙi sakayau ɗin nan abin zargi ce. Ba hujja ce yankakkiya ba, alama ce kawai.

Na uku kafasita, wanda ke taimaka wa motar ta tashi ta juya. A fankar zamani wani ɗan baƙin akwati ne na roba, galibi an rubuta CBB61, da ƙarfinsa, misali 2 ko 2.5 maikrofarad, da 450V. Abin da mutane ba sa dubawa shi ne harafin tsaro a gefensa. S0 ko P0 ba shi da wata kariya, idan ya lalace yana iya kumbura ya narke. S2, S3 ko P2 an ƙera shi ne yadda idan ya mutu zai yanke kansa ba tare da ya kama wuta ba. Idan kafasita ya raunana, fanka tana rage gudu, ko ta tsaya tana gurnani sai an tura ta da sanda. Kada a bar ta a haka, domin motar da ke cin wuta ba ta juyawa kanta take dafawa. Kuma kada mai gyara ya ce zai saka babba don ta ƙara gudu. Idan 2.5 ne a mayar da 2.5. Mai girma yana tura wuta fiye da ƙima cikin ƙaramin koyil, gudun zai ƙaru na 'yan watanni, sannan ƙauri ya biyo baya.

In da hali, ki ɗauki mai motar BLDC, wato irin motar zamani mai ƙarancin cin wuta. Fanka mai inci 48 ta gargajiya tana cin wat 70 zuwa 75, BLDC mai girma ɗaya wat 28 zuwa 35. Ragowar wutar nan da ba ta ci ba, ita ce da ma take zama zafi a cikin tukunya.

Kafinta

Ranki ya daɗe, ga yadda ake bambance itace na gaske da allo, ko ba a rubuta ba. Ki juya fiffiken ki dubi ramukan da noti ke shiga, nan ne ba a rufe da leda ba. Idan kin ga ciki launin ƙasa-ƙasa, sumul kamar kwali da aka danne, MDF ne. Idan kin ga layi-layi an jera kamar shafukan littafi, filawud ne. Itace na gaske zanensa yana zagayowa daga fuska ya sauka baki ba tare da ya yanke ba, kuma fukafukai biyu ba sa taɓa yin zane iri ɗaya. Idan duk biyar zanensu ɗaya sak, har gurbin reshe a wuri guda, hoto ne aka buga.

Na itace zalla yawanci daga marar nauyi ake sassaƙa su, kamar balsa ko fauloniya. Ba su da gam a jiki, sai dai man da aka shafa. Wanda aka gama da mai na ruwa ko kakin zuma ya fi wanda aka fesa wa banish mai tina, don shi wannan yana ɗaukar makonni yana wari. Aibin itace shi ne yana shan danshi ya murɗe idan ba a busar da shi sosai ba kafin sassaƙa, kuma da fiffike ɗaya ya murɗe sai fanka ta fara rawa. MDF ya fi muni a nan: idan laima ta shiga ta ramin noti, yana kumbura, ya yi laushi, fukafukan su sunkuyo kamar kunnen tunkiya, kuma a lokacin ne gam ɗinsa ya fi saki. Ga ɗaki mai danshi ni ba na ba da shawararsa ko da yana da E1.

Uwar Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To saura ƙarfe da roba. Na ga wata an rubuta mata RoHS da CE, wata kuma BPA free, wata an ce tana kashe ƙwayoyin cuta tana tace iska. Wanne ne abin dogaro a ciki?

Malamar Kimiyya

A cikin huɗun nan RoHS ce kaɗai ke amsa tambayarki kai tsaye. Dokar Tarayyar Turai ce da ta fara aiki a Yulin 2006 kan kayan lantarki. Ta fara da abubuwa shida: dalma, zaiba, kadmiyom, wani nau'in kuromiyom mai guba, da sinadaran hana kama wuta guda biyu masu buromin, PBB da PBDE. Daga Yulin 2019 aka ƙara huɗu daga cikin sinadaran da ake tausasa roba da su, irin waɗanda ke cikin bawon waya. Iyakar kowanne kashi 0.1 cikin ɗari ne, ban da kadmiyom da aka tsayar a 0.01, kuma a kowane ɓangare ake aunawa daban: fenti daban, dalmar haɗa waya daban, robar murfi daban. CE kuwa kamfani ne da kansa yake bugawa yana cewa ya bi dokokin Turai, ba lallai wani ya zo ya duba ba. Kowa ma yana iya buga haruffa a kwali. Abin da ke ba su nauyi shi ne takardar shaidar bin ƙa'ida mai ɗauke da lambar samfurin fankar da sunan kamfanin, da ambaton IEC 60335-2-80, wato ma'aunin tsaron fankoki, ko UL 507 idan ta kasuwar Amurka ce. Kamfanin kirki yana ajiye wannan takarda a shafinsa na intanet. Ki gwada lambar da ke jikin motar da ta takardar, su zo ɗaya.

BPA free ado ne kawai. Damuwar BPA, wani sinadari da ake haɗa wasu robobi da shi, ta kwanon abinci ce da kwalbar shan jariri, ba wanda zai ci tuwo a fiffiken fanka.

Game da roba: fukafukan kirki ABS ne, wata irin roba mai tauri, kuma ABS ba ya fara laushi sai wajen digiri 105, zafin da ɗaki ba zai taɓa kaiwa ba. Sabon ABS da aka zuba a ma'aikata mai tsari ba shi da wari. Inda matsala take shi ne robar da aka narkar daga tsofaffin talabijin da kwamfutoci, galibi baƙa ce don baƙin launi yana ɓoye gauraye, kuma tana iya zuwa da tsofaffin sinadaran buromin ɗin nan da Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta hana. Ki buɗe kwali ki shinshina. Warin taya ko na ƙonanniyar waya daga sabuwar fanka da ba a ko kunna ba, a bar musu kayansu. Murfin da ke rufe wayoyi da kafasita kuma an fi son ya zama ƙarfe, ko robar da aka rubuta wa V-0, wadda ke mutuwa da kanta cikin daƙiƙa 10 idan an janye mata wuta, ba ta kuma ɗigar da wuta ƙasa.

Ƙarfe shi ne mafi ƙarancin magana, muddin fentinsa na gari ne da aka gasa. Ana fesa garin ne busasshe, a saka a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200, ya narke ya kama jiki. Babu tina a ciki, don haka babu abin da zai ci gaba da tashi daga baya. Dalma an fi samun ta a fentin mai na ruwa, musamman rawaya, ja da ruwan lemo, da kuma jan fentin hana tsatsa da ake shafawa a ƙasa. Iyakar da Amurka da ƙasashe da dama ke bi ita ce 90 ppm. Dalma ba ta tashi a iska daga fenti lafiyayye. Sai ya tsufa ya fara ɓarewa, garin ya zubo kan gado da ƙasa, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Shi ya sa alminiyom ya fi baƙin ƙarfe a fiffike: ba ya tsatsar da za ta ɗaga fenti.

Mai tace iska kuwa, ki kiyaye ta. Yawancinsu na'urar ayon ce aka liƙa, mai sakin ƙwayoyin lantarki cikin iska, wasu kuma suna fitar da iskar ozon, wadda ke tayar da asma kai tsaye. Fanka aikinta motsa iska, ba wanke ta ba.

Da ni za a tambaya, ga ɗakin nan: fukafukan alminiyom masu gasasshen fenti, ko ABS mai takardar RoHS ta gaske, a kan irin motar da Malam mai koyil ya kwatanta.

Mai Wayarin

Na yarda da zaɓin Malama, da sharaɗi ɗaya. Fiffiken ƙarfe siriri ne, bakinsa yana yanka, kuma irin fankokin nan sun fi gudu. Idan gadon yaran mai hawa biyu ne, ABS ko itace za a saka, kuma a matsar da gadon yadda yaro a sama ba zai kai hannu ba ko ya miƙe.

Ma'aunin IEC ya ce fukafukai su kasance sama da mita 2.3 daga ƙasa. Da silin mita 3, sandar rataya ta santimita 30 zuwa 45 ta isa, fukafukan za su tsaya wajen mita 2.4 zuwa 2.5. A bar aƙalla rabin mita tsakanin bakin fiffike da bango. Ɗaki mai murabba'in mita 16, inci 48 zuwa 52 ya wadatar. A rataya a ƙugiyar da ke cikin kankare ko a jikin katakon rufi mai ɗaukar nauyi, ba a allon silin ba. Notin da ya ratsa sandar dole a saka masa fil ɗinsa a lanƙwasa, sannan a ɗaura wayar tsaro ta ƙarfe a wani wuri daban da ƙugiyar. Fanka mai jikin ƙarfe a haɗa mata wayar at, mai launin kore da rawaya. Kada a gauraya fukafukan kwali biyu ko da samfuri ɗaya ne, domin a ma'aikata ake auna kowane saiti su daidaita, bambancin giram kaɗan ya isa ya sa rawa, rawa kuma ita ke cinye boris ta kwance noti.

Idan mai fitila ce, a saka LED. Ƙwan nan mai murɗaɗɗen bututu yana da zaiba miligiram kaɗan a ciki, kuma jijjigar fanka ba ta yi masa daɗi. Idan akwai rimot, ki duba batirinsa. Mai faɗi kamar kwabo, irin CR2032, idan yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu, don haka murfinsa ya zama mai noti, ko a zaɓi rimot mai batirin AAA.

Ƙura kuma ita ce abin da mai asma zai fi shaƙa daga kowace fanka, ko da zinare aka yi ta. Duk sati biyu a kashe, a zura fiffike cikin tsohuwar rigar filo mai ɗan danshi a jawo, ƙurar ta zauna a ciki maimakon ta zubo kan katifa. Ruwa da ɗan sabulu sun isa, kada a fesa mai ƙamshi. Sabuwar fanka kuma a kunna ta kwana biyu ko uku da tagogi buɗe kafin yara su koma kwana a ɗakin. Ɗan warin sabunta na tafiya a wannan tsakanin. Wanda ya wuce mako, ko yake ƙaruwa idan motar ta ɗau zafi, a sauke a mayar.

Mai Naɗin Koyil

Abu biyu da suka rage. Kada a haɗa fanka da makunnin rage hasken fitila, yana sa mota gurnani da zafi, regileta na fanka daban yake. BLDC kuma galibi ba ta son regileta na bango, a cire shi a ba ta wuta kai tsaye, rimot ɗinta ke rage gudu.

Sannan ga masu sha'awar tsofaffin fankoki masu nauyi, waɗanda aka ƙera kafin 1980: kafasitansu gwangwani ne mai mai a ciki, kuma a wancan zamanin man yakan zama PCB, wani sinadari mai guba da Amurka ta hana ƙerawa a 1979. Idan an ga gwangwanin yana naso, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a ƙona shi. A sa safar roba, a cire shi, a ƙulle cikin leda biyu a kai inda ake karɓar sharar lantarki, a goge wurin, sannan a saka sabon CBB61 mai maikrofarad daidai da na tsohon.